Wasiƙa Zuwa ga Masu Horar da 'Yan Ɗaga Ƙarfe: Kafin a Ɗora wa Mutum Sanda Mai Karkiya

Zuwa ga 'yan'uwa kociyoyi da masu gidajen motsa jiki,

 

Dalilin wannan takarda wata sanda ce da ta fara leƙowa ɗakunan ɗaga ƙarfe, wadda da yawa suka fara gani a bidiyon waya kafin su taɓa ta da hannu. A tsakiyarta akwai matashi mai kauri da ke zama a dokin wuya. Daga jikin matashin maƙamai biyu sun miƙo gaba ta kan kafaɗu, sannan bakunanta biyu sun karyo ƙasa kafin su miƙe zuwa inda ake zura fayafayai. Turawa na ce mata sefti skwat ba, wato sandar tsuguno ta kariya. Duk wanda ya taɓa ganin shanun huɗa ya san abin da ta ɗauko kama, don haka a nan za a kira ta sanda mai karkiya. Tana da 'yan'uwa: akwai mai lanƙwasa kamar baka, akwai mai dogayen ƙafafu da fayafayanta ke lilo, akwai mai kusurwa shida da mutum ke shiga cikinta ya tsaya. Abin da mai wannan wasiƙa ke son isarwa ɗaya ne. Kowace cikinsu an ƙera ta ne don wata matsala da ke jikin wani mutum, kuma kocin da bai gano matsalar a jikin yaronsa ba, bai da dalilin ɗora masa ita.

A fara da wadda kowa ya sani. Miƙaƙƙiyar sandar gasa ta maza nauyinta kilo 20 ne, tsawonta mita 2.2. Kaurin inda ake kamawa milimita 28 ne a wasan Olamfik, ko 29 a yawancin sandunan gasar ƙarfi zalla, wadda ake yi da ɗagawa uku: tsuguno, turawa a kan benci, da ciccibowa daga ƙasa. Ta mata a Olamfik kilo 15 ce. Bakin da ake zura faifai kuwa milimita 50. Daga Kano har Tokyo lissafin ke nan, shi ya sa gogaggen koci ke hango sanda daga bakin ƙofa, ya ƙirga fayafayai da ido, ya faɗi nauyin ba tare da ya matso ba.

Sai dai wannan sanda tana karɓar haraji daga kafaɗa. Kafin mutum ya tsuguna da ita, dole ya kai hannayensa baya, ya murɗe kafaɗunsa waje, ya matse allunan kafaɗa, ya bar wuyan hannu da gwiwar hannu su riƙa tokare ƙarfen kada ya sulɓe. Ɗan shekara 20 mai lafiyayyun gaɓoɓi ko a jikinsa. Amma ba shi kaɗai ke shigowa ɗakin ba.

Mai wannan wasiƙa ya taɓa tsayawa yana kallon wani magidanci da ya ba 40 baya, tsohon ɗan acaɓa wanda kafaɗarsa ta hagu ta taɓa gocewa a hatsari. Ya shiga ƙarƙashin sanda, hannun dama ya kama tsaf. Na hagu ya tafi rabin hanya ya tsaya. Ya karkata jiki, ya cije leɓe, ya samu ya saƙala yatsu uku. Sandar ta jirkice gefe guda tun kafin ya ɗaga ta daga maratayi. Koci na gefe yana ta faɗin, "Yallaɓai, matso da hannun nan ciki!" Hannun kuwa ba ƙin matsowa ya yi ba, ba zai iya ba ne. Mutumin yana da cinyoyin da za su tashi da ninkin abin da ke kan sandar, amma bayan mako biyu aka daina ganinsa. Kafaɗa ce ta kore shi daga aikin da na ƙafa ne. Irinsa suna da yawa: ɗan damben da hannunsa ya kumbura bayan wasa, mai tsaron raga da ya faɗi a kan kafaɗa, da ɗan gasar da ya matsa wa benci har gwiwar hannunsa ta fara zogi duk ranar tsuguno.

Don irin waɗannan aka yi sanda mai karkiya. Wani Ba'amurke mai suna Jesse Hoagland ne ya ƙirƙiro ta, ya yi mata rajista a farkon shekarun 1980. Wanda ya fito da sunanta duniya ta sani shi ne Fred Hatfield, mai digirin dakta da ake yi wa laƙabi da likitan tsuguno. A 1987, a wata gasa a Hawai, ya tsuguna da fam 1,014, wato kilo 460, alhali ya haura shekara 40. Hatfield ya yi atisaye sosai da mai karkiya, har wani salon tsuguno ya ɗauki sunansa: a bar sandar ta zauna da kanta a wuya, a kama wasu maƙamai a jikin maratayi, a riƙa taimaka wa kai da hannu daidai wurin da tashi ke yin wuya. A lura da abu guda a labarinsa. Kilo 460 ɗin nan da miƙaƙƙiyar sanda ya ɗaga su, domin ita doka ta yarda da ita a filin gasa.

Bayansa sai Louie Simmons, mai gidan horo na Westside Barbell a birnin Columbus na jihar Ohio, wanda ya rasu a 2022. Simmons ya yi karatun littattafan masu horarwa na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ya fito da tsarin da ba a barin ɗan wasa ya daɗe yana gwada iyakar ƙarfinsa a kan ɗagawa iri ɗaya. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai a sauya: yau mai karkiya, gaba mai lilo, gaba tsuguno a kan akwati. Hujjarsa ita ce jiki na sabawa da abin da ake maimaita masa, ci gaba ya tsaya, gaɓoɓin da ke shan wahala kullum su gaji. A wurinsa kowace sanda tana tono wani rauni da miƙaƙƙiya ke rufewa. Wanda gadon bayansa na sama ba shi da ƙwari, mai karkiya za ta tona masa asiri a tsuguno na uku.

Yadda take yin haka ya kamata kowane koci ya iya bayyana wa yaransa a tsaye, ba tare da ya duba waya ba. Matashin yana ɗora nauyin can sama a dokin wuya, fiye da inda 'yan gasa ke ajiye miƙaƙƙiya. Karyewar bakunan kuma tana tura fayafayan gaba kaɗan. Sakamakon haka nauyin kullum neman naɗe mutum yake ta gaba, kamar wanda aka kama wa ƙeya ana dannawa. Don ya tsira, dole ya tsayar da ƙirji, ya ɗaure gadon baya, ya sauka a miƙe fiye da yadda ya saba. Ta wannan fuska ta fi kusa da tsugunon da ake ɗora sanda a gaban wuya, sai dai ita ba ta wahalar da wuyan hannu.

An auna wannan. Wani bincike da mujallar Journal of Strength and Conditioning Research ta buga a 2019 ya gwada 'yan gasa 12, maza da mata, da sandunan biyu. Da mai karkiya, gangar jikinsu ta fi tsayuwa a miƙe, tsokar da ke ƙasan allon kafaɗa ta fi aiki, kuma mafi nauyin abin da suka iya tsugunawa da shi sau uku ya ragu da kimanin kashi 11 cikin 100.

Wannan kashi 11 shi ne inda ake yawan yin ɓarna, domin yana haɗuwa da wani abu da ake mantawa. Mai karkiya ba ta da tsayayyen nauyi. Gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, takan kama daga kilo 20 har zuwa 32. A ɗauki saurayin da iyakarsa kilo 140 ne a miƙaƙƙiya: sanda 20, fayafayai uku-uku masu kilo 20 a kowane gefe. Ranar da ya ga sabuwar sanda sai ya zura mata ukun nan da ya saba, abokai na zuga shi. In sandar kilo 30 ce, abin da ke wuyansa ya zama 150. Ƙarfinsa a kanta kuwa, in aka bi wancan lissafi, bai wuce 125 ba. Ya ɗauki rarar kilo 25 bai sani ba, a kan sandar da bai taɓa shiga ƙarƙashinta ba. Sauka za ta yi masa daɗi saboda laushin matashi. A wajen tashi ne ƙugu zai riga ƙirji, kai ya sunkuya, bayan ya lanƙwashe. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: a kai sandar kan sikeli ranar da ta iso, ko da na masu awon hatsi ne, a rubuta nauyinta da fenti a jikinta inda kowa zai gani.

Sunanta na Turanci ma yana yaudara. Jin an ce ta kariya ce sai wasu su ɗauka ba a jin ciwo da ita. Kafaɗa da hannu kawai take hutarwa. Ƙashin baya, ƙugu da gwiwa suna nan suna ɗauke da kayansu cif. Akwai ma inda ta fi miƙaƙƙiya haɗari. Wanda tashi ya gagara da miƙaƙƙiya, in ya ƙware, yana iya sakin ta ta baya ya yi tsalle gaba. Mai karkiya ta rungume wuya ta gefe biyu, ba ta sakuwa haka da sauƙi. Saboda haka kada a yarda kowa ya tsuguna da ita sai a cikin maratayi mai ƙarafan tsaro, a daidaita su ɗan ƙasa kaɗan da inda sandar ke kaiwa in an sauka. Gidan da ba shi da wannan maratayi, shi ya kamata ya fara saya kafin sandar.

Sai ƙananan abubuwa da ido ke tsallakewa. Ana iya sanya ta a juye, kuma ana yi. Daidai shi ne maƙaman su fuskanci gaba, karyewar bakunan ta sa fayafayai su ɗan rinjayi gaban mai ɗagawa. Bakunan sanduna da yawa irin wannan bututu ne da bai cika milimita 50 ba, don haka maƙullin faifai na yau da kullum yakan yi musu yawa, ya riƙa zamewa. A gwada shi da hannu kafin a ɗora nauyi. A kuma auna faɗin maratayi, a tabbatar miƙaƙƙen ɓangaren sandar ne ke hawa kan ƙugiya, ba wurin karyewar ba.

Maƙaman nan biyu su ne jarrabawar koci. Mutum in ya ji nauyi, abin da ransa ke ba shi shi ne ya finciko su ƙasa zuwa ciki. Yin haka na juya sandar, ya sauya mazaunin fayafayai a tsakiyar ɗagawa, ya kuma ja kafaɗu su rufe, wato ya taimaka wa nauyin wajen naɗe shi. Abin da ake so shi ne a riƙe su inda suka faɗa da kansu, gwiwoyin hannu a kusa da haƙarƙari, a cika ciki da iska a ɗaure, sannan a wajen tashi a tura dokin wuya cikin matashin. Kalma biyu sun ishi koci a nan: "Ƙirji sama!" In yaro ya kasa bin wannan umarni a tashi na huɗu ko na biyar, nauyin ya yi masa yawa, ko da cinyoyinsa na cewa a ƙaro.

Sauran 'yan'uwan nata ba sa buƙatar dogon bayani. Mai lanƙwasa kamar baka, wadda ake danganta sunanta da ɓauna, ita ce mafi kusa da miƙaƙƙiya. Lanƙwasar na sauko da wurin kamu ƙasa kaɗan, kafaɗa ta samu sarari, amma yanayin tsugunon bai sauya sosai ba. Ta dace da ɗan gasar da gwiwar hannunsa ke ciwo amma bai son ya yi nisa da salon gasa. Mai dogayen ƙafafu kuwa, duk wanda ya taɓa kallon ɗan ga-ruwa da sanda a kafaɗa da garwa biyu na reto ya fahimce ta. Nauyin na rataye ne can ƙasa, in aka yi gaggawa sai ya yi lilo ya ja mutum gaba da baya. Tana koyar da natsuwa da ɗaure ciki, amma ba ta sabon shiga ba ce.

Mai kusurwa shida ta ciccibowa daga ƙasa ce, ko da yake tana ba cinya aiki har wasu na ɗaukar ta rabin tsuguno. Al Gerard, wani ɗan gasa daga jihar Karolina ta Arewa da ciwon baya ya dama, shi ya fito da asalinta a tsakiyar shekarun 1980. Tunaninsa mai sauƙi ne: maimakon nauyi ya tsaya a gaban ƙwauri, mutum ya shiga tsakiyarsa. Wani bincike da aka yi a Sikotland aka buga a 2011, a kan 'yan gasa maza 19, ya nuna sun ciccibi kilo 265 a matsakaici da ita, a kan 245 da miƙaƙƙiya, kuma nauyin da ke sauka a ƙasan baya ya ragu, na gwiwa ya ƙaru. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ita ta zaɓa don gwajin ƙarfin dakarunta. Ga gidan da ke horar da 'yan ƙwallo, 'yan kokawa ko masu shirin shiga aikin ɗamara, in kuɗin sanda ɗaya tak ake da shi bayan miƙaƙƙiya, a yi tunanin wannan tukuna.

Maganar kuɗi ta kawo batun mai walda. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin ƙarafan da matasa ke ɗagawa a unguwanni ƙirar gida ne: siminti a cikin gwangwani, bututun ruwa, tsofaffin ƙarafan mota. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aicha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga yadda samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram ke gina jiki da abin da hannunsu ya kai. Wannan ba abin raini ba ne, kuma babu makawa wani zai kai wa mai walda hoton mai karkiya ya ce a yi masa irinta. To amma akwai bambanci. Miƙaƙƙen bututu in ya gaji lanƙwashewa yake a hankali, yana ba da sanarwa. Mai karkiya kuwa tana da mahaɗai a wurin karyewar bakunanta da gindin maƙamanta, kuma walda mara kyau ba ta sallama kafin ta ɓalle. In ta ɓalle a gefe guda, ɗaya gefen zai fizgi wuyan mutum ƙasa da duk nauyin da ke kansa.

Wanda ya ƙudura sai ya ƙera, to ya nemi mai waldar da ya saba da aikin ɗaukar nauyi, irin masu haɗa bodin manyan motoci, ba mai ƙofa da taga ba. Kada a yi ta da rodin gini. Bakunan biyu su karye daidai wa daida, in ba haka ba sandar za ta riƙa murɗa mai ɗagawa gefe guda. Matashin ya zama mai tauri, domin soson katifa na lotsewa ƙarfe ya sauka a kan ƙashin wuya. In an gama, a ɗora ta a kan maratayi, a loda mata fiye da abin da kowa zai taɓa ɗagawa a gidan, ba kowa a ƙarƙashi, sannan a sauke a bi kowace mahaɗa da fitila ana neman tsaga. A riƙa maimaita wannan dubawa lokaci-lokaci. Araha ba ta ado, balle a kan abin da zai hau wuyan ɗan mutane.

Ga masu yara 'yan gasa kuma, a tuna da Hatfield. Ƙungiyar gasar ƙarfi zalla ta duniya, IPF, miƙaƙƙiyar sanda mai kilo 20 take shimfiɗawa a dandali. Najeriya ma da miƙaƙƙiya ta yi suna: da ita Ruth Ogbeifo ta ci azurfa a Olamfik na Sidni a 2000, da ita Mariam Usman ta ci zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila a Glasgow a 2014. Ƙarfin da aka tara da mai karkiya yana bin mutum zuwa miƙaƙƙiya, amma ƙwarewar riƙo da sanin mazaunin sanda a baya sai an yi da ita kanta. Shawarar mai wannan wasiƙa ita ce a ba mai karkiya makonni uku zuwa shida lokacin da gasa ke nesa, ko a mayar da ita aiki na biyu a mako, sannan in saura wata biyu a koma wa sandar gasa gaba ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon shiga mai lafiyar kafaɗa kuwa ya fara koyon tsuguno da jikinsa, sannan da ƙaramin nauyi rungume a ƙirji, sannan miƙaƙƙiya. Bai da abin da zai nema a wurin mai karkiya a watanninsa na farko.

Wanda ke da buƙatarta tun ranar farko shi ne magidancin nan mai gocewar kafaɗa. Da zai dawo, ga yadda ya kamata a karɓe shi. A zaunar da shi a tambaye shi yaushe ya ji ciwon, wane motsi ke tayar masa da shi, ko yana da hawan jini ko ciwon wuya, domin masu waɗannan sai likita ya amince. A gaya masa gaskiya cewa sandar kewaye ciwon take ba warkar da shi ba, a tura shi wurin likitan gashin ƙashi na asibiti ya duba kafaɗar. Sannan a daidaita masa ƙarafan tsaro, a ajiye benci a bayansa daidai tsayin gwiwa, a ɗora masa sandar ba ko faifai ɗaya. Ya sauka a hankali har ya taɓa bencin, ya tashi, sau biyar, ya huta, ya maimaita har zagaye uku. Koci ya tsaya a gefensa, ba a gabansa ba, don daga nan ne ake ganin ko baya na lanƙwashewa. In an tashi, a buɗe littafin gidan a rubuta kwanan wata, a rubuta sunan sandar da nauyinta, a ware mata shafinta dabam da na miƙaƙƙiya. Mako mai zuwa, in kafaɗar ba ta yi ƙorafi ba, a ƙara masa kilo biyu da rabi a kowane gefe.

Allah ya tsare mana yaranmu daga rauni, ya sa albarka a sana'a.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan aiki.